Wanda Ya Karya Yayana Shi Nake So

Yau dai ku bari in amayar da abin da ke cikina, don in na ci gaba da riƙe shi zai kwantar da ni. Mai zagi ya zaga a ƙasan rubutun nan, na riga shi zagin kaina.

Sunana Charnelle Pettway, a gida Nell ake ce min. Gidanmu gidan kore ne. Baba Kwalejin Harmon ya yi, Mama ma Harmon, kakana a can ya busa ƙaho cikin 'yan badujala. Labulen falo kore, tawul ɗin banɗaki kore, har kwanon abincin karenmu kore ne. Jan kaya ba ya shiga gidan, saboda ja launin Kwalejin Tolbert ne, abokan gabarmu a ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa hular kwano ana ture-ture, tun ba a haifi Baba ba. Da can gabar ta wasa ce, a yi wa juna tsiya a ci nama tare. Ta daina zama wasa shekarar da yayana Quentin ya yi tsalle zai cafe ƙwallo a tsakiyar fili, wani ɗan Tolbert ya taho a guje ya tare shi a sama. Yaya ya faɗo ta wuya. Tun ranar yake kan keken guragu.

Sunan yaron Tillery. Ba a ambaton sunan a gidanmu. "Wancan" Baba yake cewa, kuma in ya faɗa ya gama cin abinci ke nan.

To jama'a, wancan ɗin shi nake so.

Kada ku yi min wannan kallon, ban je nemansa ba. A kantin maganin da nake aiki a Memphis ya zo karɓar maganin hawan jinin mahaifiyarsa. Desmond, malamin lissafi, kai a aske tal, gemu, tabarau, ga ɗan tumbi. Wa zai ce shi ne siririn yaron nan mai dogon gashi da ke cikin hular kwano? Ya karanta sunana a ƙirjin rigata, ya yi tsaye kamar an dasa shi, ya tafi ya bar maganin a kan kanta. Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Ranar da muka fara fita cin abinci, ko ruwa bai kurɓa ba ya faɗa min ko shi wane ne. Ya ce tun ranar bai ƙara taɓa ƙwallo ba, ya ce ya je har bakin asibiti ya kasa shiga. Na tashi na bar shi da farantinsa. Na yi makonni ina kuka ina tsine masa. Daga baya ya kira, ni kuma, Allah na tuba, na ɗauka.

Bana da makon babban wasanmu da Tolbert ya matso, Mama ta kira ni.

"Nell, Alvin, yaron dattijon cocinmu, ya sayi tikiti kusa da namu."

"Mama, Alvin ɗin da ke lissafa min cututtukan ƙafa in muna cin abinci?"

"Likita ne, kuma ɗan Harmon ne. Ke kullum aiki, aiki. Sa'anninki duk sun yi goyo. In ba ki zo da kowa ba, shi zai zauna gefenki, na gama magana."

Bakina ne ya jawo min. "Ina da wani, Mama."

Kafin in kashe wayar na ji tana ƙwala wa Gwaggo Loyce kira, ƙanwar Baba da ke maƙwabtaka da mu. In Gwaggo ta ji magana, gari ya ji.

Na rubuta wa Desmond.

"Sun ce in zo da kai."

"Zan zo. Amma zan faɗa musu."

"Ba wannan makon ba. Don Allah. Bari su san ka tukuna. In an tambaye ka ka ce Boykin, ai sunan mamarka ne, ba ƙarya ka yi ba."

"A gaban yayanki, Nell?"

"Kwana biyu ne kawai."

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa. Abin da ya iso ƙarshe shi ne, "To."

Ranar Juma'a da la'asar muka iso. Al'adar garinmu ce, jajibirin wasa akan ɗauko tsofaffin mawaƙa su yi wasa a filin baje koli, 'yan kore da 'yan ja duk a wuri ɗaya, kowa da kujerarsa ta naɗewa da kular abinci. Na sa koriyar doguwar riga mai ɗamara, 'yan kunnen zinariya na Mama, da takalmi mara tudu. Desmond kuwa farar riga na zaɓa masa da wando ruwan toka, kayan da ba su da ɓangare. A mota na gyara masa wuyan riga ya fi a ƙirga, har ya riƙe hannuna ya ce, "Ya isa."

Gwaggo Loyce ce ta fara tare mu, da hularta mai faɗin faifai da koren gashin tsuntsu a gefe. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Uhm. Wannan ai ya ci ya ƙoshi. Samari, su waye danginka?"

Na juya na kalli Desmond.

"Boykin ne dangin mahaifiyata, Gwaggo. Daga wajen Greenwood."

"Na mahaifinka fa?"

"Gwaggo, ki bar shi ya zauna mana," na ce ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ke rufe min baki, ba da ke nake ba. Wace makaranta ka yi?"

"Digirin koyarwa a Memphis na yi." Gaskiya ne, amma digirinsa na biyu ne, na farkon a Tolbert ya yi.

"Memphis," ta taɓe baki. "To, da dai Tolbert gara babu."

Baba ya miƙa masa hannu, ya jijjiga da ƙarfi kamar yadda yake gwada maza. Mama ta cika masa faranti da soyayyar tarwaɗa da burodin masara tun bai zauna ba. Sai ga motar Yaya an sauke shi a bakin ciyawa, kekensa ya cije a laka.

Yaya Quentin mutum ne mai faɗin kafaɗa, har yau, ga baki kamar reza. Ya hango mu ya ɗaga murya.

"Kai mai nema! Zo ka nuna amfaninka. Ka iya tuƙi?"

Desmond ya miƙe. Ya je ya kama hannayen keken.

"A hankali," in ji Yaya. "In ka kayar da ni babu aure."

Kowa ya kwashe da dariya. Ni kuwa fitsari ne ya kusa kufce min. Desmond ya tura shi a hankali, yana kauce wa kowane rami, har gefen kujerata. Yaya ya ɗaga kai ya dube shi, ya ɗan daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ba laifi. Ƙanwata, wannan ya fi likitan ƙafa."

Rana na shirin faɗuwa tsofaffin mawaƙan, 'Yan'uwan Rayford, suka hau dandamali. Da can su biyar ne, yanzu saura uku, cikin kwat ruwan zinariya mai ƙyalli da fararen takalma. Babbansu, Cleophus, sai da aka kama shi ya hau matakala, kuma tsakanin waƙa da waƙa a kan kujera yake hutawa. Amma da ya buɗe baki, tsofaffin matan nan suka miƙe suna kaɗa fifita suna kiran sunansa kamar 'yan mata. Baba ya ja hannun Mama, suka rungumi juna suna juyawa a kan ciyawa, idonta a rufe. Rabon da in ga Baba yana rawa tun kafin ciwon Yaya. Na zauna ina kallonsu ina cewa a raina, Nell, wannan ne abin da za ki rushe.

Can sai tsohon ya goge zufa da farin hankici, ya ce, "Bari in ga su wa suka zo min yau. Ina 'yan Harmon?"

Ɓangarenmu ya ɗauki ihu, Gwaggo har da cire hula.

"Ina 'yan Tolbert?"

Masu ƙaho suka busa farkon taken Tolbert. 'Yan ja suna da wani abu da suke yi in sun ji shi, su buga ƙafa biyu a ƙasa su ɗaga hannun dama a dunƙule. Ba tunani suke yi ba, a jikinsu yake. Na ji ƙafar Desmond ta bugi ƙasa a gefena, hannunsa ya fara tashi. Na cafke shi da hannu biyu na danne a cinyata har farcena ya shige masa.

Gwaggo ta waigo. "Ke lafiya? Ba gudu zai yi ba, sake shi ya sha iska."

"Sauro ne," na ce.

Na saci kallon Yaya. Idonsa na kan dandamali, yana kaɗa kai yana bin waƙa. Ban san ko ya gani ba, kuma rashin sanin ya fi komai cin raina.

A ɗakin baƙi na gidan Gwaggo aka sauke Desmond. Da asuba saƙonsa ya tashe ni.

"Ba zan iya ba, Nell. Jiya yayanki ya ce min na gode."

"Yau kawai. Gobe bayan coci mu tafi. In mun koma zan kira Mama in fara da ita."

"Kullum haka kike cewa."

"Ina jin tsoro, Desmond."

"Ni ma."

Kafin hantsi wurin ajiye motoci na filin wasa ya cika da hayaƙin gashi. Wurinmu ɗaya ne tun zamanin kakana, ƙarƙashin wata bishiya kusa da ƙofar gabas. Baba ya buɗe bayan a-kori-kurarsa, ya kafa rumfa koriya, haƙarƙari na gasuwa a kan gangar ƙarfe, Mama na jera ganye da wake da kek ɗin dankali. 'Yan ja na wucewa ana jifan juna da ba'a.

"Ellis, bana ma kuka za ku yi!" wani ɗan ja ya ƙwala wa Baba.

"Zo ka ci nama, Roscoe, ka samu ƙarfin komawa gida da kunya!" in ji Baba.

Sai Baba ya shiga mota ya fito da wata koriyar riga mai tambarin Harmon, tsohuwa, wadda ya fi so. Ya miƙa wa Desmond.

"Ba a tsayawa a rumfata da farar riga kamar ɗan jinya. Saka."

Desmond ya dube ni. Na roƙe shi da ido. Ya saka. Baba ya kuma miƙa masa abin juya nama, abin da ko mijin Gwaggo bai taɓa bari ya riƙe ba. Mama ta dafe ƙirji tana murmushi, ni kuwa ji na yi kamar in kwanta a ƙarƙashin motar.

Ina zuba shayi mai ƙanƙara ina jiyo su.

"Nell ta faɗa maka abin da ya sami ɗana?"

"Ta faɗa min, Baba."

"Cewa suka yi wai wasa ne, alƙalin wasa ma bai ga laifi ba. Wasa." Baba ya yayyafa wa naman ruwan yaji, wutar ta yi cuu. "Fasto ya zo har gida ya ce in yafe wa wancan. Na ce masa ranar da ɗana ya miƙe ya taka zuwa banɗaki da ƙafarsa, ya dawo mu yi maganar. Ban san fuskarsa ba, kuma ina roƙon Ubangiji kada ya nuna min, don ban san abin da zan yi ba."

"Baba, ni..."

Na saki jug ɗin da gangan. Shayi ya wanke min takalmi, ƙanƙara ta watse, Mama ta hau faɗa, Gwaggo ta ce soyayya ta kashe min hannu. Maganar ta bi ruwa. Desmond bai ƙara kallona ba har muka shiga fili.

Wurin masu keken guragu wani dandali ne na siminti a saman rukunin kujeru na farko. Nan muke zama duk shekara, Yaya a tsakiya, Baba a damansa. Bana Yaya ya ce Desmond ya zauna a hagunsa, wai zai koya masa wasa tunda 'yan Memphis ba su san komai ba. Fili ya rabu biyu, kore a nan, ja a can, gangunan badujala na dukan ƙirjin mutum. Ba zan iya faɗa muku wa ke gaba ba. Ni dai agogon fili nake kallo, ina roƙon lokaci ya ƙare. Yaya na nuna wa Desmond abubuwa da yatsa, shi kuma yana cewa "haka ne" kamar bai sani ba.

An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan, 'yan badujala sun gama nasu, aka jefa wata doguwar ƙwallo. Yaronmu ya yi tsalle. Wani ɗan ja ya taho ta gefe. Har sama muka ji ƙarar haɗuwarsu.

Yaron bai tashi ba.

Ganguna suka tsaya. Fili mai dubban mutane ya yi tsit, har kukan jariri ana jiyowa daga ɗaya ɓangaren. Masu ba da agaji suka ruga da gudu. Mama ta rufe fuska da tafin hannu, ta fara kiran sunan Yesu a hankali. Baba ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito, yana cewa, "Sun sake. Sun sake yi."

In ɗan wasa ya faɗi bai motsa ba, sauran 'yan wasa duka, naka da na abokan gaba, sukan cire hular kwano su sa gwiwa ɗaya a ƙasa har a ɗauke shi. Tun suna yara ake koya musu. 'Yan kallo kuwa tsayuwa suke yi, ko su zauna su yi shiru. Na ga kore da ja sun zube a kan ciyawa, sai na juya in kama hannun Desmond, ban same shi a kujera ba.

Yana ƙasa. Gwiwa ɗaya a kan siminti, ɗaya a tsaye, goshinsa a kan dunƙulallen hannunsa, cikin koriyar rigar Baba. Tabaransa ya faɗi gefe. Kafaɗunsa na girgiza, bakinsa na motsi, "Motsa ƙafarka. Don Allah motsa ƙafarka."

"Desmond," na ce ƙasa-ƙasa. "Tashi. Desmond, ana kallonka."

Bai ma san ina wurin ba.

Aka ɗaure yaron a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka ɗora a ƙaramar mota. Suna gab da fita ya ɗaga hannu ya nuna babban yatsa, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Fili ya ɓarke da tafi, ja da kore. 'Yan wasa suka miƙe suna mayar da huluna. Mama ta fashe da kukan godiya.

Desmond bai tashi ba.

Baba ya juyo yana share ido da bayan hannu, ya gan shi. Da farko murmushi ya yi.

"Tashi mana, ɗana, yaron ya motsa." Sai murmushin ya fara gushewa. "Mu 'yan kallo ai ba ma durƙuso. Wannan na 'yan wasa ne." Ya matso taku ɗaya. "Ka taɓa buga ƙwallo ne?"

Gwaggo ta daina fifita.

"Tambayarka nake. A ina ka buga?"

Na buɗe baki in ƙirƙiro wani abu, ko mene ne, amma aka riga ni. Yaya ne ya miƙa hannunsa, hannun da yatsunsa ba sa buɗewa duka, ya ɗora a kan askakken kan Desmond.

"Tashi haka, Tillery," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ranar da aka wuce da ni, haka na bar ka. Wuyana a ɗaure, ido kawai nake juyawa, kai ne abu na ƙarshe da na gani a filin nan. Ba ka gaji ba?"

Desmond ya kifa fuskarsa a kan tayar keken ya saki kuka irin na ƙaramin yaro.

Na zata Baba zai kai masa duka. Na ma riga na shiga tsakaninsu ban sani ba. Amma ko kallonsa bai yi ba. Ni ya kalla.

"Charnelle."

Rabon da ya kira cikakken sunana har na manta.

"Kin sani?"

"Baba, ka bari in..."

"Kin sani lokacin da na ba shi rigata?"

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya zagaya bayan keken, ya cire birki, ya kama zai tura. Yaya ya damƙe tayoyin da hannu biyu, keken ya ƙi motsi.

"Ba inda za ni, Baba. Ba a tashi wasa ba."

"Quentin, sake."

"Wuyana ne ya karye, ba naka ba. Ka bar ni in yi magana da mutumin."

A ƙasa alƙali ya busa usur, ganguna suka dawo, mutanen da ke kusa da mu suka yi kamar wasa suke kallo. Baba ya cire hannunsa daga keken kamar ya taɓa wuta. Ya dubi ɗansa, ya dubi wanda ke durƙushe.

"Kai," ya ce. "Gobe in an taso coci ka zo gidana. Da jar rigarka za ka zo, ba da tawa ba, kuma da sunan ubanka." Ya juyo gare ni, idonsa jawur. "Ke kuma yau ki nemi wurin kwana."

Ya sauka matakala bai waiwayo ba. Na kama hannun Mama na ce, "Mama, don Allah." Ta tsaya, ta dube ni da jiƙaƙƙiyar fuska, ta zare yatsuna daga hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki jakarta ta bi mijinta.